Ƙaramar Ƙofa a Gindin Kai

Bahaushe yana da kalma guda ga mutumin da hannuwansa da ƙafafunsa suka gajarce alhali gangar jikinsa ta cika: wada. Kalma ce da ba a cika faɗi ba sai da ɗan murmushi a gefen baki. A kasuwa yara kan bi shi a baya, a wasan kwaikwayo da finafinai akan ɗauko shi don ya ba jama'a dariya, dattijai kuwa sukan tsawata, su ce gajere ba yaro ba ne. Da mai dariyar da mai tsawatawar, abu ɗaya suke kallo, wato tsayi. Ga jaririn da ya zo duniya da wannan halitta kuwa, tsayi ne ƙarshen abin damuwa. Abin da ke iya ɗauke shi tun kafin yaye yana can inda ido ba ya kaiwa, ƙarƙashin ƙeya, daidai wurin da kai ya zauna bisa wuya.

Duk wanda ya taɓa gyaran kan rago a ranar Layya ya san wurin. Idan aka raba kai da wuya, akan ga wata huda zagayayya a gindin ƙoƙon kai, farar laka na leƙowa ta cikinta. Ɗan Adam ma haka aka gina shi. Likitoci sun raɗa wa hudar suna da Latinanci, foramen magnum, ma'ana babbar ƙofa, domin ita ce mafi girma cikin ƙofofin da ke gindin kai. A jikin baligi tsawonta kimanin santimita 3 da rabi ne, faɗinta wajen 3. Ta nan ƙwaƙwalwa ke zuro jelarta ta zama lakar gadon baya, ta nan manyan jijiyoyin jini biyu ke hawa, kuma daidai bakin ƙofar ne mazaunin sashen da ke riƙe da numfashi, wanda ke aikinsa ko mutum na barci, ba tare da an umarce shi ba. Tsakanin laka da ƙashi akwai wani ruwa garai-garai da ya kewaye ta, don kada ƙashi ya taɓa ta.

Akwai wani tela a Maraɗi, dattijo da ya haura hamsin, wanda ya gyara kawunan raguna ba adadi bai taɓa tsayawa ya dubi wannan ƙofa ba, sai da Allah ya ba shi ɗiyar auta. Haihuwar ta ɗan yi gardama, amma an sauka lafiya. Ran suna mata suka yi ta karɓarta hannu zuwa hannu suna tubarkalla, wata ta ce ga kai irin na malamai, aka yi dariya, aka watse. Shi ne ya fara lura, saboda sana'arsa. Rigar da ya ɗinka mata ta zauna daidai a ƙirji, amma hannun rigar ya wuce yatsunta yana lilo, wuyan kuma ya ƙi wuce kai. Ya rage hannun, ya tsaga kafaɗa ya sa maɓalli biyu, bai ce wa kowa komai ba. Ido ba mudu ba ne, amma idon da ya shekara 30 yana awon mutane ya san kima.

Da ta kai wata 4 ba ta riƙe wuyanta ba, jikinta a langaɓe. In ta yi barci sai ta ɗage kai baya, tana minshari kamar babba, gumi na jiƙa shimfiɗa. Gida mai yawan mata ba ya rasa masu fassara. Wata ta ce tamowa ce, nonon uwar ya tsinke. Wata ta ce beli ne ya toshe mata maƙoshi, a kira wanzami. Aka sami mai raɗa cewa ɗiyar ruwa ce, aka sami mai tuna cewa uwar ta taɓa yi wa wani wada dariya tana da ciki, ko da yake babu wanda ya iya faɗin yaushe. Ƴan boko na gidan suka ce sakamakon auren zumunci ne, tun da matar ɗiyar baffan telan ce. Fassarorin sun sha bamban, amma dukansu ƙofar ɗaki ɗaya suka nufa. Matar, wadda ta riga ta haifa masa ƴaƴa 5 lafiyayyu, ta haɗiye, ta daina fita tsakar gida sai da dalili.

Ungozomar da ke awo a ƙaramin asibitin unguwa ce ta katse wannan ka-ce-na-ce. Ta zagaya kan yarinyar da igiyar awo, ta ɗiga alama a kati, ta ga alamar ta haye saman layin ƙarshe, alhali awon tsawo ya faɗi can ƙasa. Ta rubuta takarda zuwa ga likitan yara. Shi kuwa, kafin ya nemi wata na'ura, tafin hannun jaririyar ya buɗe: yatsu gajeru, kusan kai ɗaya, da wata tazara tsakanin na tsakiya da mai bi masa, har hannun ya rabu gida uku. Ya dubi damtse da cinya, waɗanda suka fi sauran gaɓoɓi gajarta, ya dubi goshin da ya turo da karan hancin da ya lotsa. Hoton radiyo na ƙugu da ƙafafu ya tabbatar masa da abin da ya zata. Ya faɗi sunan: akondoroplaziya.

Sunan tsoho ne. Wani likitan yara na birnin Paris, Jules Parrot, ya ƙirƙiro shi a 1878 daga kalmomin Girkanci masu nufin rashin ginuwar guringuntsi. Ya ɗan wuce gona da iri, domin guringuntsin yana nan, girma ne yake yi da nawa. Ana samun haka a kimanin haihuwa 1 cikin 25,000, a kowace ƙabila, kuma mafi yawan wadannin da ake gani da shi aka haife su. Ba ya taɓa hankali, ba ya taɓa basira.

To, me ya haɗa gajartar ƙafa da gindin kai? Amsar tana cikin yadda ƙashi ke ginuwa tun a ciki, kuma hanya biyu ce. Rufin ƙoƙon kai, wato goshi da gefuna da tsakar kai, daga wani tantani yake fitowa, yana buɗawa gwargwadon yadda ƙwaƙwalwa ke tura shi. Maɗigar jariri da ke harbawa shaidar wannan ce. Ƙasusuwan hannu da ƙafa kuwa, da na gadon baya, da daɓen da ƙwaƙwalwa ke zaune bisansa, da guringuntsi ake fara zana su, sannan ƙashi ya riƙa maye gurbinsa sannu a hankali. Muddin akwai sauran guringuntsi a wasu ƴan layuka tsakanin ƙashi da ƙashi, girma na ci gaba. Ranar da layin ya sandare ya zama ƙashi, an rufe ke nan. Ƙashin ƙeya na jariri guntaye 4 ne da suka kewaye babbar ƙofar, ɗaya gaba, ɗaya baya, biyu a gefuna, layukan guringuntsi na haɗe da su. Da waɗannan layuka ƙofar ke faɗaɗa, mafi yawa a shekarun farko na rayuwa. A jikin mai akondoroplaziya layukan ba su ƙaruwa yadda ya kamata, kuma suna rufewa tun lokaci bai yi ba.

Likitan ya zana wannan a bayan takardar magani, yana laluben kalmomin da za su shiga. Telan ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce: «Likita, in na fahimce ka, an yanka wuyan rigar ne ba a bar rara a cikin ɗinki ba. Yaro na girma, babu abin da za a warware.» Likitan ya ajiye biro, ya ce: «Malam, ka faɗe shi fiye da yadda na faɗa.»

Daga nan sauran alamomin ke biyowa, kamar zaren da aka ja a bakin zane. Rufi na buɗawa, daɓe ya tsaya: goshi ya turo, tsakiyar fuska ta koma ciki, hanyar iska a bayan hanci ta matse, minshari ya samu. Ɗan bututun da ya haɗa kunne da maƙogwaro ya gajarce, ruwa ya riƙa kwanciya bayan dodon kunne. Ƙananan ƙofofi biyu da jini ke fita daga kai ta cikinsu su ma sun tsuke, jinin na sauka da ƙyar, ruwan cikin ƙwaƙwalwa ya ɗan taru. Ita kuwa babbar ƙofa, maimakon ta zagaye kamar bakin tulu, sai ta matse ta gefe da gefe, ta yi kama da ramin makulli, leɓen ƙashin baya ya lanƙwaso ciki.

Tambayar da uwar ta kasa yi, telan ya yi ta a madadinta: daga ina abin ya fito? Amsar ba ta daɗe da samuwa ba. A 1994 ne ƙungiyoyin masu bincike biyu, ɗaya a Kaliforniya, ɗaya a asibitin Necker na Paris, suka gano ƙwayar gadon, wadda ake kira FGFR3. Aikinta a jiki kamar na birki ne, ita ke ce wa guringuntsi ya sassauta. A mai akondoroplaziya birkin ya maƙale a take. Abin mamaki, cikin haruffa wajen biliyan 3 da aka rubuta halittar mutum da su, harafi ɗaya tak ne ya canza, kuma kusan kullum harafin nan ne dai, a wuri guda, ko a Maraɗi aka haifi yaron ko a Tokiyo. Kimanin 80 cikin 100 na masu shi iyayensu masu cikakken tsayi ne, babu wada ko ɗaya a dangi. Canjin sabo ne, a ƙwayar haihuwa guda ya faru. Ba ya cikin cututtukan da auren zumunci ke ƙarfafawa, domin waɗancan sai uba da uwa kowa ya kawo rabinsa, wannan kuwa kwafi ɗaya ya isa. Tun a 1912 wani likitan Jamus, Wilhelm Weinberg, ya lura cewa ƴan auta sun fi yawa cikinsu. A 1955 Lionel Penrose na Ingila ya nuna cewa shekarun uba ne ke da tasiri. A 1998 kuma aka bi sawun canjin a iyalai 40, aka tarar duk ta wajen uba ya zo. Dalili kuwa, ƙwayoyin da ke samar da maniyyi ba su daina rarrabuwa tun daga balaga har tsufa, kuma mai kwafar littafi in ya daɗe yana kwafa, wata rana alƙalami zai zame.

Babu laifi a cikin wannan, babu abin da uba ya ci ko ya aikata. Amma a gidan da aka shafe watanni ana kallon uwa ta wutsiyar ido, labarin yana da nauyi, kuma telan bai ɓoye shi ba. Ya sami mahaifiyarsa bayan magariba, ya durƙusa, ya ce: «Inna, likita ya ce in ana neman inda abin ya biyo, ta wajena ya biyo. A ƙyale baiwar Allah nan.» Tsohuwar ta ja carbi, ta daɗe ba ta tanka ba, sannan ta ce: «Ikon Allah ne.» Daga ranar maganar ta zama ikon Allah, matsayin da ba ta samu ba muddin ana zaton ta wajen uwa ta zo.

Mutane sun daɗe suna kallon wadanni daga waje. A Masar akwai gunkin wani bafaden Fir'auna mai suna Seneb, wanda ya rayu fiye da shekara 4,000 da suka wuce, kuma cikin muƙamansa har da kula da masaƙar fada. Mai sassaƙar ya zaunar da shi tanƙwashe da ƙafafu kusa da matarsa, ya tsayar da ƴaƴansu biyu a gurbin da ƙafafun dogon mutum za su sauka. Gajerun damatsa da babban kai duk suna nan a jikin dutsen, ba tare da izgili ba. Abin da ke gindin kan kuwa sai bayan mutuwa ake iya gani, har zuwa 1895 da Röntgen ya gano haskensa mai ratsa nama. Shi ma hoton radiyo bai wadatar ba a wannan lungu, domin ƙasusuwan fuska da muƙamuƙi da ƙeya duk hawa juna suke yi a hoto guda. Sai a 1971, da na'urar sikana ta Godfrey Hounsfield ta ɗauki hoton mara lafiya na farko a Landan, aka sami hanyar yanka kai falle-falle ba da wuƙa ba, har a auna ƙofar da milimita. Daga baya na'urar maganaɗisu, wadda likitocin Nijar ke kira IRM, ta ƙaro abin da sikana ba ta nunawa sosai, wato lakar kanta da ruwan da ke kewaye da ita.

Ajali dai ajali ne, amma yana da sanadi, kuma da ganin ya samu sai wasu mace-macen jarirai suka sami bayani. A 1984 Richard Pauli da abokan aikinsa a Amurka suka tattara labarin jarirai 13 masu akondoroplaziya da suka mutu farat ɗaya ko numfashinsu ya ɗauke ba dalili, suka danganta abin da matsewar tushen ƙwaƙwalwa a bakin ƙofar. A 1987 Jacqueline Hecht ta ƙiyasta cewa haɗarin irin wannan mutuwa a shekarar farko na iya kaiwa 7.5 cikin 100. Inda ake duba jariran da wuri, adadin ya faɗi ƙwarai.

Saboda haka likitan yara ya ce a je Yamai a ɗauki hoton mahaɗar kai da wuya, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ya gani, kada a jinkirta. Tsakanin Maraɗi da Yamai fiye da kilomita 650 ne, a bi ta Madawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, yini guda cur cikin mota. Dokar 2006 da ta yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 ba ta san kuɗin mota ba, ba ta san masauki ba. Telan yana da keken ɗinki biyu. Ya sayar da wanda yaron shagonsa ke aiki da shi. Uwar ta riƙe jaririyar a ƙirji tun daga tasha har suka sauka, tafinta ƙarƙashin ƙeya kamar yadda aka nuna mata, duk ramin da mota ta faɗa sai ta ji shi a zuciya.

Na'urar ba ta son motsi, jariri kuwa bai san a ce masa tsaya ba, dole aka sa ta barci da magani, wanda shi kansa abin fargaba ne ga mai irin wannan numfashi da irin wannan wuya. Aka yi, ta farka. Washegari likitan ya kunna hoton, ya juyo da shi wajensu. An tsaga kan daga goshi zuwa ƙeya, kamar duman da aka raba biyu. Ga ƙwaƙwalwa ta cika ƙwaryar, ga jelarta toka-toka tana saukowa, ga ruwa fari sol ya yi layi a gabanta da bayanta. Ya bi farin layin baya da bakin biro, daga sama, har ya iso bakin ƙofar. Nan layin ya ɓace. Kaɗan a ƙasa ya sake bayyana. Telan ya ga wurin kafin a faɗa masa.

A 2021 likitocin asibitin yara na Evelina da ke Landan suka fitar da wani ma'auni don karanta irin wannan hoto, daga sifili zuwa 4. Sifili, ƙofa lafiya. A hawa na 1 ƙofar ta tsuke amma ruwa na kewaye da laka. A na 2 ruwan ya ɓace amma lakar ba ta lotsa ba. A na 3 ƙashi ya danne ta har ta baje. A na 4 launinta ya canza a wurin dannewar, alamar ta fara jin rauni. Ɗiyar telan tana hawa na 2.

Likitan bai tsaya ga hoto ba. Ya ƙwanƙwasa gwiwoyinta da ɗan guduma, ya tura tafin ƙafarta sama da sauri yana duban ko ƙafar za ta kama karkarwa, ba ta kama ba. Ya gwada ƙarfin dama da na hagu. Sannan ya juya ga uwar, ya tambaye ta yadda barcin yake: in minsharin ya yanke, ƙirjin na ci gaba da kokawa, ko shi ma tsayawa yake yi cik? Tambayar tana da tushe. In ƙirji na kokawa iska ta ƙi shiga, toshewar hanci da maƙogwaro ce. In komai ya yi tsit, umarnin numfashin ne bai sauko daga tushen ƙwaƙwalwa ba. A manyan asibitocin Turai na'ura ce ke kwana da yaro tana rubuta wannan. A nan uwa ce. Ta ce: «Kokawa yake yi, likita. Ban taɓa ganin ya tsaya ba, kuma ina kallo.»

«Ba za a yi aiki yanzu ba,» in ji shi. «Ku koma gida, ku dawo bayan wata 6, ko kuma ranar da kuka ga ɗaya daga cikin abubuwan da zan rubuta muku.»

Telan bai ji daɗin wannan hukunci ba. Ya sayar da keke, ya keto ƙasa, ya ga matsewar da idonsa, kuma a sana'arsa in wuya ya matse farke shi ake yi nan take. Aikin ma sananne ne: a tsaga bayan wuya, a goge leɓen ƙashin ƙeya, sau da yawa har da bayan ƙashin wuya na farko, a ba laka fili. Yaran da suka kai hawa na 4, ko na 3 tare da alamu a jiki, aikin na ceton su, jinkiri a kansu ganganci ne. Amma kusan kowane jariri mai akondoroplaziya ƙofarsa matsattsiya ce, kuma mafi yawansu suna wuce shekarun haɗarin ba a taɓa su da wuƙa ba. Wurin aikin cike yake da jijiyoyin jini da suka kumbura saboda tsukewar ƙofofin fita, tazarar da ke tsakanin ƙarfe da mazaunin numfashi kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Masana kansu ba su zama baki ɗaya a kan ƴan tsakiya ba: akwai asibitocin da ke yi wa ƙasa da 1 cikin 10 aiki, akwai masu yi wa 1 cikin 4. An ce gani ya kori ji, amma a nan ƙara wa ji aiki ya yi, domin hoton ya nuna inda haɗarin yake, bai faɗi ranarsa ba. Likitan da ya iya ce wa uban da ya zo daga nesa ya jira, alhali wuƙar na hannunsa, ya yi abin da ya fi yankan wuya.

Abin da ya fi tsauri da suka koma gida shi ne zancen goyo. An ce kada a bar kanta yana lilo a baya, kada a cilla ta sama a cafe, kada a hau kabu-kabu da ita a goye, kada kuma a dasa ta zaune ana tokare ta da tsummoki don ta koyi zama, saboda nauyin kan na rinjayar wuya, gadon baya kuma na iya yin doro. Kakar ta ɗauki wannan a matsayin cin fuska. Ta goyi tara, ta zaunar da tara, duk sun tashi. «Wace irin ɗiya ce ba a goyonta? Kishiyar tawa gimbiya ce?» Uwar, da kunyar suruka ta hana ta amsawa, ta sunkuyar da kai, amma ba ta miƙa yarinyar ba. Telan ne ya raba gardamar da allura. Ya ɗinka majanyi mai faɗi, ya cusa masa kwali mai kauri da auduga tsakanin yadi biyu, ya ɗaga bayansa har ya tokare ƙeya, ta yadda in an ɗaura shi kan ba ya faɗawa baya ko gefe. Ya kai wa likitan yara ya duba, aka rage nan, aka ƙara can. Tsohuwar ta juya shi a hannu, ta ce ko sirdin sarki sai haka, amma ita ta fara goya ta da shi.

Awon kai kuwa hannunsa ya koma. Katin awo na kowa da kowa ba ya yi wa irin wannan yarinya adalci. A bisa layukansa kullum kanta ya yi yawa, kullum tsawonta ya gaza, har wanda bai sani ba ya ɗauka ruwa ne ya cika kan, ko tamowa ce ta hana girma, a shiga ɗura mata abinci, alhali ƙiba babbar abokiyar gaba ce ga gadon bayanta nan gaba. Tun 1978 William Horton da abokansa suka zana wa masu akondoroplaziya layukan girma nasu na kansu, likitan yara ya ba shi kwafi. Abin dubawa shi ne saurin ƙaruwar kan, da ko maɗiga ta kumbura ta yi tauri. Kaɗan ne cikinsu, wajen 5 cikin 100 ko ƙasa da haka, ruwan ke taruwa har a sa musu bututu. Juma'ar farko ta kowane wata, kafin masallaci, sai ya cire igiyar awo daga wuyansa, ya zagaya goshi da ƙeya, ya rubuta a littafin da yake rubuta kafaɗa da ƙirjin masu kawo ɗinki.

Dare na uwar ne. Takardar likitan da Faransanci take, babban ɗanta ya karanta mata sau biyu, ta haddace: numfashi ya tsaya, leɓe ya yi duhu, hannu ko ƙafa ɗaya ta yi sanyi, yawan sarƙewa da nono, ko yarinyar ta daina abin da ta riga ta iya. Ta koyi barci da tafi bisa ƙirjin ɗiyarta. A wani daren hunturu mura ta toshe hancin, minsharin ya koma wani irin kuka, suka kwasa a ƙafa zuwa asibiti telan na gaba da fitila. Majina ce kawai. Mai gadin dare ya ce da sun bari gari ya waye. Uwar ba ta tanka masa ba, kuma da abin ya sake faruwa ta sake zuwa.

Wani ɗan'uwansu da ke karatu a waje ya aiko da labarin cewa an sami magani. Gaskiya ne, amma da gyara. A 2021 hukumomin magunguna na Turai da na Amurka suka amince da wata allura mai suna Voxzogo, wadda ake yi wa yaro kullum, tana sassauta birkin nan. A babban gwajin da aka yi, ta ƙara wa yara kimanin santimita 1 da rabi a shekara bisa girman da suke yi da can. Kuɗinta na shekara, lokacin da ta fito, ya haura dalar Amurka 300,000. Ko an ajiye zancen kuɗi, akwai abin lura: da tsayi aka auna nasararta, kuma yaran gwajin ƴan shekara 5 ne zuwa sama, lokacin da ƙofar ta riga ta yi mafi yawan abin da za ta yi. Sai a 2023 aka faɗaɗa izinin ya haɗa da jarirai. Har a ɗakin bincike, abin da ido ke gani shi ya fara samun ma'auni, kuma wasu daga cikin wadannin Amurka sun fito sun faɗi haka, cewa matsewar laka da numfashi sun fi damunsu da ƴan santimitoci.

Tafiya ta biyu kuɗin ɗinkin Salla ne ya biya ta. Hoton bai canza ba: farin layin na ɓacewa a wuri guda, lakar ba ta lotsa ba. Amma yarinyar ta riƙe wuyanta, ƙafa ba ta karkarwa, har ta ƙirƙiro wani rarrafe nata, ta kafa goshi a tabarma ta tura da ƙafafu, abin da likitan ya ce irinsu da yawa haka suke yi, a bar ta. Ya gaya musu abin da ke gaba ba tare da kwana-kwana ba. Haɗarin ƙofar na raguwa bayan shekarun farko. Ƙafafun na iya gwamewa. In ta girma matsewar kan koma ƙasan gadon baya, don haka a kula da ciwon ƙugu da sanyin ƙafa. Tsayinta zai tsaya wajen santimita 124, kuma ranar da za ta haihu a asibiti za ta haihu, da tiyata, saboda ƙugun.

Ta taka ƙafa bayan ta cika shekara 2, kakar na tafa mata. A lokacin ne uwar ta lura cewa in an kira ta daga hagu ba ta waiwayowa sai an ɗaga murya. Telan ya buɗe littafinsa, ƙarƙashin awon kai na watan, ya rubuta ranar da za a kai ta wajen likitan kunne.